Gajiyar da barci ba ya saukewa: ƙofofin da na bi a Maraɗi kafin in samu kaina

Aikina lissafi ne da kula da sito a wani kamfanin sarin kayan masarufi a nan Maraɗi, shinkafa da sukari da mai da taliya, irin kamfanonin Alhazan garin nan. Ina da kwantiragi a rubuce, ana kuma zuba mini kuɗin CNSS, wato asusun tsaron rayuwar ma'aikata na Nijar, abin da yawancin waɗanda muke wuni tare a bakin sito ba su da shi. Na rubuta wannan ne saboda mutumin da aikin da ya ƙware a kai ya fara gagarar sa, ya je asibiti aka ce ba a ga komai ba, ya tsaya bai san inda zai nufa ba. Na tsaya a wannan wurin, kuma babu wanda ya faɗa mini abin da ke gaba.

Abin ya soma ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyakoki. Duk wanda ke cin abinci a kasuwar Maraɗi ya san abin da rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ke nufi. Kayanmu suka maƙale a Kwatano, wasu aka juya su ta Lome da Burkina, farashin safe ba shi ne na yamma ba. Aka sallami mutum biyu a ofis, aikinsu ya dawo kaina. Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, sai aikin kwamfuta ya koma duk lokacin da aka kawo wuta, ko da tsakar dare ne. Direbobi kuma ba su da lokacin kira: wanda motarsa ta lalace a hanya ƙarfe biyun dare ni zai nema. Watannin farko na ɗauke shi a matsayin wahalar da kowa ke sha, kuma gaskiya ne kowa na sha. Amma da aka buɗe iyaka a watan Maris 2024 kasuwa ta fara numfashi, ni ban dawo ba. Sai in kwanta in tashi kamar ban kwanta ba. Ƙeyata kullum a ɗaure. Waya na ƙara gabana ya faɗi. Lissafin da nake gamawa kafin shayi ya huce sai in yi ta maimaita shi ban yarda da kaina ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda zuciyata ta bushe: ɗan dako ya zo yana faɗa mini ɗansa ba lafiya, in ji ba abin da ya dame ni illa ya matsa in ƙirga buhuna. Na daina zuwa fada wajen abokai, yara kuwa da sun ji tsayuwar babur ɗina sai tsakar gida ta yi tsit. Shayi mai ɗaci da goro su ke riƙe da ni. Wani ya miƙo mini tramol ya ce zai ba ni ƙarfi, na ƙi, don na ga yadda ya mayar da samarin unguwarmu.

Ƙofar farko ita ce CSI ta unguwarmu, wato ƙaramin asibitin gwamnati, cikin azumin 2024, domin na tabbata masassarar cizon sauro ce ke cin jikina a ɓoye. Na je da sassafe da karnen asibitina, ɗan littafin da ake rubuta bayanan lafiyata a ciki, na yanki tikiti wajen jika 1, wato sefa dubu, na zauna a benci tare da mata masu goyo har rana ta ɗaga. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya soki yatsana ya yi gwajin masassara, babu. Ya auna jinina ya ce ya ɗan hau, amma ba wanda za a fara magani nan take ba, in riƙa zuwa ana aunawa. Ya rubuta mini maganin ciwon kai da na ƙarin kuzari. Abin da zan faɗa wa mai zuwa nan shi ne, ciwon kai kawai na ambata, don shi na ɗauka ciwo. Layi na da tsawo, ma'aikacin ba shi da lokacin tono abin da ba ka faɗa ba. Ka shirya maganarka tun daga gida: yaushe abin ya soma, yaya barcinka, awa nawa kake aiki, me kake sha don ka iya tsayuwa. Da na koma bayan sallah na zayyana masa duka, bai ɓata lokaci ba ya rubuta mini takardar turawa babban asibiti. Wannan takarda ka riƙe ta da kyau, tana rage maka yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Tsakanin nan Inna ta shigo cikin maganar. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne, baki ne ya kama ka, ko kuma an yi maka hannu a wajen aikin nan." Ban yi mata musu ba, na bi ta wajen malamin da gidanmu ke zuwa tun ina yaro. Ya ba ni rubutu da addu'o'in safe da yamma, sadaka kawai na ajiye. Amma da ya tambaye ni lokacin kwanciyata na faɗa masa, sai ya girgiza kai ya karanto mini ayoyin Suratun Naba'i inda Allah Ya ce Ya sanya barci hutu, dare sutura, yini kuma lokacin neman abinci. Ya ƙara da hadisin Abdullahi ɗan Amru, wanda Manzon Allah (SAW) ya ce masa jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa yana da hakki a kansa, iyalinsa ma haka. Ya ce, "Malam, ka sha rubutun, kuma ka je asibitin da aka tura ka." Na daɗe ina ganin neman hutu kamar raki ne ko ƙarancin tawakkali. Maganar malamin nan ce ta cire mini wannan, kuma ita ta sa Inna ta saki jiki da zuwana asibiti. Wanda ya gamu da mai cewa ya bar asibiti ya kawo kuɗi masu yawa a karya sammu, ya yi hattara.

A babban asibiti wuni guda ya tafi kafin in ga likita. Ana fara biya a wajen karɓar kuɗi, a ba ka rasit, sannan ka kai karne a jera. Wanda ya zo bayan ƙarfe takwas ya shirya zama. Likitan ya rubuta gwaje-gwaje: ƙidayar jini don a ga ko jinina ya yi ƙasa, sukari, aikin ƙoda, ciwon hanta nau'in B, hoton bugun zuciya, da gwajin maƙoƙo wanda sai a wani labo mai zaman kansa na samu aka yi, shi ne kuma ya fi tsada. Na sukari ana yin sa ne ba ka karya ba, don haka sai washegari. Duka da kuɗin ganin likita da na kabu-kabu sun ci mini kusan jika 35. Na ji zafin kuɗin nan, amma yau ba na ganin asara ce. Ƙarancin jini da ciwon sukari da ciwon hanta da matsalar maƙoƙo duk suna zuwa da irin wannan kasala, kuma kowanne da maganinsa daban. Wanda ya yanke wa kansa hukuncin gajiyar aiki ce kawai ba tare da an duba jininsa ba yana iya kwanciya kan ciwon da ke cin sa. Da sakamako ya fito komai lafiya lau, maimakon farin ciki sai na ji kunya ta rufe ni. Na so a ce ga ciwo, in ɗauki takarda in nuna wa maigidana da matata in ce kun gani. Yanzu me zan ce? Likitan ya lura da fuskata. Ya ajiye takardun ya ce, "Malam, zo mu ƙirga awoyinka." Muka ƙirga tare, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, kwana shida, ga rabin Lahadi, ban da kiran dare. Ya haura awa 80 a sati. Ya faɗa mini cewa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Ya ce hawan jinin da ya fara leƙo ni ba daga sama ya faɗo ba. Ya rubuta mini hutun sati biyu, ya buga hatimi, sannan ya ce in je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wannan ƙofar ce ta fi mini nauyi. A garin nan kowa ya san sunan da ake kiran wannan sashe da shi, kuma ina da ƴaƴa mata da wata rana za a zo neman aurensu a yi bincike. Na sa mai kabu-kabu ya sauke ni nesa na ƙarasa da ƙafa. Abin da na tarar mutane ne zaune a benci kamar kowane sashe: wata dattijuwa da ba ta barci, wani ɗalibi, wata mai jego da mijinta ya rako. Ma'aikacin da ya gan ni ya rufe ƙofa, ya ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ko maigidana ba shi da ikon tambaya. Ya ba ni lokaci fiye da duk wanda na gani a baya. Ya tambaye ni ko har yanzu akwai abin da ke faranta mini rai, ko ina cin abinci, ko ina jin ni ba kowa ba ne, ko tunanin gara mutuwa ya taɓa zo mini. Tambayar ƙarshen nan ta girgiza ni, amma ya ce kowa yake yi wa ita, domin ita ke raba mai bukatar taimakon gaggawa da wanda zai iya bi a hankali. Ya bayyana mini cewa ciwon baƙin ciki mai tsanani yana bin mutum ko'ina, gida da masallaci da wajen biki, ya ɗauki sati biyu ko fiye bai ɗaga ba, kuma yana da magani. Nawa kuwa a jikin aiki yake manne: ranar da na je suna ƙauye na yi dariya, da muka doshi gari a komowa ƙirjina ya sake cushewa. Ya ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa idan ba a shawo kansa ba, kuma alamominsa uku ne: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ko ƙyamar aikin, da jin ba ka iya komai kuma. Ukun nan duka na gan su a kaina. A takarda da Faransanci suke rubuta shi, épuisement professionnel. Ya ce, "Rijiya ce ake ta ja dare da rana ba a bari ta tara ruwa. Ba ni da ƙwayar da zan ba ka ta cika ta." Ya gargaɗe ni kan ƙwayoyin barci irin diyazefam da masu tallar magani ke yawo da su a kasuwa, ya ce suna kama mutum ya kasa barci sai da su. Abin da ya ba ni aiki ne: in kashe waya bayan isha'i, in bar shayi daga la'asar, in yi tafiyar ƙafa bayan asuba kafin rana ta yi zafi, in sami ɗan littafi ina rubuta lokacin kwanciya da na tashi da abin da ya fi ɓata mini rai a yinin. Kuɗin ganinsa bai kai na ko ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen ba.

Sai kai takardar hutu wajen aiki. Na yi mata fotokofi na ajiye a gida, na kai ta asali a ranar, na sa sakatare ya sa hannu a kan kofin cewa ya karɓa. Amma duk mai aiki a gidan Alhaji ya san takarda ba ta gama magana. Mutumin nan shi ya biya mini rabin sadaki, shi ya tsaya a kan jana'izar mahaifina. In tura masa takardar likita kawai in kwanta a gida, a wajensa da wajen mutane butulci ne. Don haka na je wajen kawuna, wanda suke sallah a masallaci ɗaya, na faɗa masa komai, muka tafi tare bayan magariba. Na durƙusa na gaishe shi, Kawu ya yi bayani. Alhaji ya ce, "Yaro, mu da muka yi dako a kasuwar nan da ƙafa, wa ya ba mu hutu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba aikin nake gudu ba. Dukiyarka ce a hannuna, kuma na kai inda nake tsoron kaina a kan lissafinta." Ya yi shiru. Ina ganin wannan ce maganar da ta shige shi, don ta taɓa abin da shi ma yake tsoro. Ya ce in je in huta, za a yi magana in na dawo. Ban ga laifinsa a tambayar da ya yi ba. Zamaninsu wahalar ta jiki ce, in dare ya yi an tashi kasuwa an tashi, ba wayar da za ta bi mutum har shimfiɗarsa.

Cikin hutun na je ofishin sufeton ƙwadago, ba ƙara na kai ba, tambaya na je yi, kuma ba a karɓi ko dala ba. Ka tafi da kwantiraginka da takardun albashi na baya-bayan nan da kofin takardar likita. Jami'in ya buɗe mini dokar aiki ta 2012 ya nuna mini: awa 40 ne aikin sati, abin da ya haura ƙarin lokaci ne da ake biya daban, hutun sati aƙalla awa 24 ne a jere, hutun shekara kuma kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki, wato wata guda a shekara, wanda ni rabona da shi tun kafin rufe iyaka. Ya ce rashin lafiyar da likitan da hukuma ta yarda da shi ya tabbatar tana dakatar da kwantiragi ne har zuwa wata 6, ba ta kashe shi, abin da za a biya ka a lokacin kuma ya danganta da daɗewarka a aikin. Daga nan na leƙa CNSS ina zaton za su mayar mini da kuɗin gwaji. Suka yi mini bayani cewa nasu fanni kuɗin iyali ne da fansho da haɗarin aiki da cututtukan sana'a da ke cikin jerinsu, wannan ba ya ciki. Wanda ya karanta wannan ya huta da wannan tafiyar.

Hutun kansa ba daɗi ya fara da shi ba, kuma gara a san haka. Kwanakin farko jikina ya saki gaba ɗaya, ciwon kai ya ƙaru saboda rage shayi, hannuna na ta laluben wayar da na ba matata ta ɓoye. Ina kwance ina jin kamar na saci lokacin wani. Ma'aikacin lafiyar ya riga ya faɗa mini haka za a yi, shi ya sa ban tsorata ba. Da sati biyun suka cika likita ya ga ban isa komawa ba, sai aka haɗa mini da hutun shekarar da nake bi. Na tafi ƙauyen kakannina ta wajen Madarumfa daidai faɗuwar damina, na taya su shuka gero, ina kwanciya bayan isha'i don babu abin da zai hana ni. Barci ne ya fara dawowa, sannan cin abinci. Son mutane shi ya zo a ƙarshe, kuma ya ɗauki watanni.

Da na dawo muka zauna da Alhaji da babban ɗansa. Na zo da littafin nan da nake rubutu a ciki, na nuna musu ayyukan da ke kaina ɗaya bayan ɗaya da wanda yake yin kowanne kafin a rage ma'aikata. Ban roƙi ƙarin albashi ba, don kuɗi ba za su saya mini barci ba. Abu uku na nema: a ɗauki yaro mai taimako a sito, a sayi wayar kamfani ta direbobi da za a riƙa karɓa-karɓa da dare, Lahadi kuma ta zama tawa. An ba ni biyun farko nan take, ta Lahadi sai da Kawu ya sake sa baki. A ganina nan ne maganin yake. Hutun likita numfashi ne kawai yake ba ka. In ka koma ka tarar da kayan nan yadda ka bar su, ka sake ɗauka, wata biyu ya isa ka koma inda ka fito. Na ga alamar haka a lokacin ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara, da na fara kwana a ofis ƙeyata ta sake ɗaurewa. Wannan karon na gane ta da wuri, na koma wajen ma'aikacin lafiyar, muka raba ƙidayar kwana-kwana da yaron sito.

Da za a ce in sake bin hanyar, zan faɗi komai tun zuwan farko a CSI, in nemi takardar turawa, in yi gwajin jini kafin in yarda gajiya ce, in je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jan ƙafa ba, kuma in shigar da matata cikin maganar tun farko, domin ita ta fi kowa shan zafin halin da na shiga alhali ba ta san dalili ba. Na san da yawa daga masu karanta wannan ba su da kwantiragi: yaran shago, masu ɗinki, masu adaidaita, matan da ke haɗa aikin ofis da na gida. Su takardar likita ba ta da wanda za a miƙa wa, kuma ranar da ba a fita ba babu cefane. Duk da haka gwajin jini da zama da ma'aikacin lafiya na kowa ne, dattijon da zai yi maka magana da maigida shi ma ana samu, rabin yini a sati kuma ya fi babu. Wanda kuwa tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, ko ya ji ciwon ƙirji, ko wani ɓangaren jikinsa ya yi sanyi, wannan ba na jiran layi ba ne, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Kuɗaɗen da na ambata na kafin ragin da gwamnati ta yi wa farashin asibitocinta ne daga Satumban 2024, don haka a tambayi na yanzu a wajen biya, a kuma karɓi rasit a kan kowane gwaji.